Tubali Huɗu da Kejin Brimah

Maraɗi, 5 ga Afrilu

'Yata Mubarika,

Assalamu alaikum. Ina fata kun yi sallah lafiya, ke da babanki Yaya Brimah da mamanki Hamamatu. Nan ƙalau muke, sai zafi da gwiwata ta hagu da ta ƙi jin magani. Shakiru direban albasa ya kawo mini takardarki ranar Laraba, na karanta ta a tsaye a ƙofar makaranta, ban ma jira na shiga aji ba.

Kin ce kin ji nauyin rubuto mini don ba mu taɓa haɗuwa ba. Ki sauke nauyin nan. Kakarki ta wajen uba da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙane ne, ni kuma a unguwarku Aboabo, can Kumasi, aka haife ni, kafin koyar da aikin lantarki ya kawo ni nan. Babanki ne ya koya mini hawa keke. Saboda haka Baffa za ki kira ni, ba Malam ba.

Aikin da kika zaɓa na kammala jami'a ya faranta mini rai. Na'urar da za ta tsaya a bakin babbar gota, magudanar ruwan bayan gidajenku, ta yi jiniya kafin ruwa ya hau! Na san gotar nan. Ta taɓa tafiya da takalmina da tukunyar mahaifiyata a yini ɗaya.

Amma zanenki ya hana ni zama. Kin ɗora komai a kan allo ɗaya. Ranar da abu ɗaya ya lalace, ina za ki fara nema? Ki raba ta gida huɗu, kowane a akwatinsa. Na farko ido, mai auna tsayin ruwa. Na biyu kai, mai yanke hukunci cewa ruwan ya kai haɗari. Na uku ciki, wato batir da faifan sola. Na huɗu murya. Kowanne aiki ɗaya ya sani, kuma ba ruwansa da abin da ke cikin ɗan'uwansa. Abin da za ki tsaya a kai da ƙarfi shi ne mahaɗi: girman akwati ɗaya, soket iri ɗaya, wuta daidai ɗaya. In kin kafa wannan, wata ɗaliba a Tamale za ta iya ƙera ido da ya fi naki, ta zare naki ta sa nata, ba ta taɓa sauran ba.

Ni ina ce wa ɗalibaina aikin tubali. Haka masu bincike da yawa ke yi yanzu. Akwai ƙananan taurarin ɗan'adam da ake ƙerawa a akwati mai santimita goma kowane gefe, a jera biyu ko uku in ana son babba, har samarin Ghana sun taɓa aika irinsa sama. Masu binciken halitta ma suna da gutsattsarin ƙwayoyin gado da suka daidaita bakinsu, suna harhaɗawa. Ribar ita ce kina gwada abu ɗaya, sauran suna zaune shiru, sai ki san wa ya yi laifi.

Ki gwada kowane tubali shi kaɗai kafin ki haɗa. Ki ci gaba da rubuto mini a takarda. Waya ta gaisuwa ce, zane kuwa sai biro.

Baffanki,
Zulkiflu

Kumasi, 21 ga Afrilu

Baffa,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya. Mama ta ce ka riƙa shafa wa gwiwar man kaɗanya da ɗumi. Baba ya yi dariya da maganar keke, ya ce ka manta ba ka faɗi sau nawa ka shiga kwandon mai tumatir ba.

Kwana uku ina jin haushin takardarka, don wata biyu na yi a kan zanen nan. A na huɗu na yaga shi. Yanzu tubali huɗu ne a kan teburina. Na gwada ido a kan baho, ina ƙara ruwa da kofi ina dubawa da rula, bai yi kuskure ba. Na gwada murya a tsakar gida, mai waken da ke ƙofarmu ta zubar da ludayi, ta ce in na sake sai ta kai ni wajen sarkin Zongo. Na yi ido na biyu ma, na ajiya.

Malamar da ke duba aikina ta so tsarin sosai, har ta so shi fiye da yadda nake buƙata. Ta ce ranar kare aiki, ashirin da shida ga Yuni, masu jarrabawa za su zare tubali ɗaya da hannunsu, su ce in sa wani a gabansu. In na'urar ta tashi, na wuce. In ba ta tashi ba, sai baɗi, domin a kan wannan iƙirarin na gina rubutun duka.

Baba ya ƙera mini akwatunan ƙarfe huɗu a shagonsa na Magazin, unguwar makanikai, ko reza ba ta shiga tsakanin murfi da jiki. Jibi zan bar masa su da kayan a ciki, ya yi musu mazauni a kan turken da za mu kafa a bakin gota. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza, ya ce zai ƙarfafa su. Ban taɓa ganin ya damu da karatuna haka ba. Da can sai dai ya tambayi Mama ko na ci abinci.

Hadari ya fara haɗuwa da la'asar. Ina ta duban sama.

'Yarka,
Mubarika

Kumasi, 6 ga Mayu

Baffa,

Ina gaisuwa. Jikinmu lafiya. Ban jira amsarka ba, don Shakiru zai tashi gobe kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Na yi mako guda a makaranta ina rubutu. Ranar Asabar na hau motar haya, turoturo, zuwa Magazin in ga mazaunin. Na tarar Baba ya tara maƙwabtan shagonsa, ya rufe abin da buhu. Da ya yaye, sai na ga ya yi wa akwatuna huɗun walda, sun zama guda. Ya like murafen. Wayoyin ya bi da su ta cikin bututun ƙarfe, ya like bututun a jikin turke. Ya goge waldar ta yi sumul, ya shafa koren fenti, ya rubuta sunana a jiki da harufan ƙarfe. Ba noti ko ɗaya, Baffa. Ya ɗauki guduma ya buga mata a gabansu, ya ce:

"Ku duba aikin injiniya. Wannan jikokinta za su tarar da ita."

Suka yi ta tafi, masta, wato maigidan shagon gefe, yana ce mini Injiniya Hajiya. Na ce na gode, Baba. Me zan ce?

Mun kafa ta ranar Lahadi. Ranar Litinin aka yi ruwa da rana, gota ta kai rabi, na tsaya da lema ina jira, tubalin kai yana aiko mini saƙo a waya cewa gota a bushe take. Ido ya mutu. Ko zafin walda ne, ko laima, ban sani ba, kuma ba hanyar dubawa. Ido na biyu yana cikin jakata, ina yawo da shi kamar laya.

Ban gaya masa ba. Kullum da safe sai ya bi ta wajen turken kafin ya tafi shago, ya shafa shi. Saura kwana hamsin da ɗaya. In na sa aka yanka a ɓoye, duk Magazin za su ji kafin azahar. In na bar ta, na faɗi. Na kasa cin abinci, na kasa zama wuri ɗaya. Yaya zan yi?

Mubarika

Maraɗi, 16 ga Mayu

Mubarika,

Salamu alaikum, ina fata kowa lafiya. Ina rubutu a gurguje, Shakiru ya riga ya ta da mota.

Takardunki biyu tare suka zo, don an tsare motocin kwanaki a kan iyaka. Na karanta ta farko ina murna, na ga inda ya ce zai ƙarfafa su, na ce madalla, zai ƙara kauri. Na buɗe ta biyu, sai na miƙe na zagaya ɗakin malamai har aka tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Tunda ido ya mutu, ba wani zaɓi: a yanka. Yau, ba gobe ba. Abin da aka like ya zama guda ba bincike ba ne, gunki ne. Ba za ki iya tambayarsa komai ba. Ki nemi mai injin yanka a Krofrom ko Bantama, inda ba a san ku ba, ya bi layin waldar a hankali da tsumma jiƙaƙƙe. Ki sake gwada kowane tubali shi kaɗai, daga ciki ki fara. Na zana miki yadda za a ɗaure su da noti huɗu-huɗu a bayan takardar nan.

Kada ki ga laifin babanki. Brimah gwanin walda ne, amma hannu ne da shi, ba ilimin abin ba. Mutumin da bai zauna aji ba, in ya ga abu biyu kusa da juna sai ya like su, iyakar tunaninsa ke nan. Ki lallaɓa shi kamar yadda ake lallaɓa tsoho, ki yi aikinki.

Ki sanar da ni da zarar an buɗe.

Baffanki,
Zulkiflu

Maraɗi, 3 ga Yuni

'Yata,

Ina fata kuna lafiya, don ba ni da tabbas. Gwiwa ta yi sauƙi, barci ne ya ƙi.

Na karya dokata, na kira wayarki sau shida. Tana shiga, ba a ɗauka. Na kira ta babanki, aka katse. Na kira Hamamatu, ta gaishe ni gaisuwar baƙo, ta ce tana da tukunya a wuta.

Jiya Shakiru ya dawo ba takarda. Na tsare shi a tasha, ya ce ai ya isar. Na ce a hannun wa? Ya ce bai same ki a gida ba, yana da gyaran mota a Magazin, sai ya miƙa wa Masta Brimah, tunda gida ɗaya ne. Kuma ambulan ya jiƙe a hanya, bakinsa ya buɗe.

Tun jiya nake ƙoƙarin tuna abin da na rubuta kalma-kalma. Na tuna. Na so a ce ban tuna ba.

Saura kwana ashirin da uku. An yanka ko ba a yanka ba? Ido ne kaɗai ya mutu? Ko layi ɗaya ne, ki rubuto.

Zulkiflu

Kumasi, 1 ga Yuni

Baffa,

Muna lafiya. Ka yi haƙuri da rashin ɗaukar waya, a gaban Baba take ƙara, kuma ban san da wace murya zan amsa ba. Shakiru ya riga ya tafi, wani direba zan ba wannan takarda.

Takardarka ta riga ni zuwa hannunsa. Baba ba ya karanta boko da sauri, sai ya ba masta na shagon gefe ya karanta masa, a cikin mutane, yana zaton yabo ne daga ɗan'uwansa malami. An karanta har ƙarshe. Da yamma ya miƙo mini ita a ninke, ya ce ga saƙon Baffanki, ya shige ɗaki. Bai yi faɗa ba. Da ya yi ma ya fi. Ya daina bi ta wajen turken, yana zagayawa ta bayan masallaci.

Ta haka ya ji cewa ido ya mutu, kuma na ɓoye masa. Wannan ya fi masa zafi, in ji Mama.

Akwai abin da ni da kai ba mu tambaya ba. Mama ce ta gaya mini muna tsintar shinkafa. Ka tuna gadar ƙafa ta kan gota? Bara an sa mata ƙarfen dafawa, da noti. Kwana tara ya yi. Murfin rijiyar masallaci, da noti, ya tafi. Kan famfon unguwa an sauya sau uku. Ɓarayi na kwancewa su kai wa masu sayen tsohon ƙarfe, waɗanda muke ce wa 'yan kondam. Baba ya gaya wa Mama cewa da ya ga batir da faifan sola a akwatin da sifana ɗaya ke buɗewa, sai ya tuna da ɓarayin nan. Ya ce yarinyar nan za ta zo wata safiya ta tarar da turke tsirara. Shi ya sa ya kwana biyu a kan waldar, yana jiƙa tsumma don kada zafi ya shiga.

Zanenka na noti huɗu-huɗu daidai ne a ɗakin gwaji. A bakin gotarmu ba zai kai Juma'a ba.

Ban kai ta Krofrom ba. Ba zan sa baƙo ya yanka aikin ubana ba, ko da zan maimaita shekara. Ruwa ya shiga gidaje uku ranar Alhamis, jiniya ba ta ce uffan ba, maƙwabta na tambayata ko ado aka kafa.

Mubarika

Maraɗi, 10 ga Yuni

Yaya Brimah,

Assalamu alaikum. Barka da sallah. Ina gaida Hamamatu. Wannan takarda taka ce, ka ba wanda ya karanta waccan ya karanta ta, a wurin da aka karanta waccan.

Na yi maka rashin kunya. Na ce ba ka da ilimin abin, alhali ni ne ban tambaya ba. Shekara ashirin da shida rabona da Zongo, na zana na'ura don gotar da ke cikin kaina, wadda ba ɓarawo a bakinta. Kai ka duba gotar da ke nan. Kullum ina gaya wa ɗalibaina su fara tambayar inda abu zai zauna kafin su ɗauki biro, ni kuma na tsallake. Ka yafe mini.

Ban janye cewa dole tubalan su rabu ba. Ranar ashirin da shida za a ce wa Mubarika ta zare ɗaya ta sa wani, shekararta na kan wannan. Kai ma ka fi ni sanin dalili: da a ce masu ƙera mota sun like dinamo a jikin inji, da Magazin ba ta wanzu ba.

Ga abin da na kasa. Ina son abu ya buɗu wa mai shi cikin minti ɗaya, ya ƙi buɗuwa ga ɓarawo ko ya yini. Na cika takarda bakwai da zane, duk na yaga. Ban san ƙarfe ba. Ba na aiko da umarni, tambaya nake. Yaya ake yi?

Ƙanenka,
Zulkiflu

Kumasi, 29 ga Yuni

Zulkiflu,

Wa alaikumus salam. Ni ne Brimah. Mubarika ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara. Muna lafiya. Hamamatu ta ce a gaishe da gwiwa.

Takardarka ta zo saura kwana bakwai. An karanta a shago. Masta na gefe ya ce wannan malamin ya iya zagi, ya iya ban haƙuri, a ba shi kujera. Na yafe. Amma maganar tsoho ban yafe ba, shekara huɗu kawai na ba ka.

Ban jira takardarka ba, gaskiya. Tun ranar da ruwa ya shiga gidan Abdul-Kudus mai shayi, abin nan yana tsaye kamar kurma, na san da matsala. Kunya ce ta riƙe ni. Da ka yi tambaya, sai na samu ƙofar fita.

Na ciro na'urar da turkenta na kai shago, na yanka da hannuna. Wanda ya yi walda shi ya san inda ta yi laushi. Yarinyar tana tsaye tana ce mini a hankali Baba, a hankali. Na ce da kike jaririya ma ni ke yanke miki farce. Ta gwada su ɗaya-ɗaya. Ido ne kawai ya tafi, kuma zafin waldata ne ya kashe shi. Ta ce kada a rubuta wannan. Na ce rubuta.

Abin da kuke ce wa tubali, mu sifiya muke ce masa, shekara talatin da biyar ina cikinsa. Ga yadda na yi. Na ƙera keji na ƙarfe mai kauri, shi ne na yi wa walda a jikin turke, walda ta gaske. A ciki na sa layuka huɗu kamar aljihun tebur, kowane akwati ya zame ya shiga, soket ɗinsa ya faɗa a mazauninsa. Ƙofa ɗaya ce, da ƙusa ɗaya a cikin rami, kanta kusurwa biyar. Sifanar kasuwa duk kusurwa shida ce, sai makullin da na ƙera ke juya ta. Ɓarawo ya zo da jakar sifana, zai koma da ita.

Ranar jarrabawa na sa rigar sallah na bi ta, mun ɗauko kejin da turkensa a bayan mota. Wani farfesa mai furfura ya ce a zare kai, ba ido ba, don ya ga ta shirya wa ido. Ashe ta yi na biyun kowanne. Ta juya makulli, ta zare, ta tura wani, ta ɗaga bahon ruwa, jiniya ta tashi har na ofis ɗin gefe suka fito. Sai ya tambaye ta, a unguwa wa zai hana a kwashe tubalan nan? Ta nuna kejin ta ce:

"Wannan shi ne tubali na biyar. Ga wanda ya ƙera shi can a zaune."

Suka juyo duka. Ban san inda zan sa hulata ba.

Ta wuce. Mun mayar da ita bakin gota. Shekaranjiya da la'asar ta yi kuka, mata suka kwashe katifu da buhunan gawayi kafin ruwa ya iso. Mai wake ta ce har yanzu muryar ba ta da daɗi.

Na ba Shakiru abu biyu, ka karɓa da hannunka, kada ya ba wani. Na farko farantin ƙarfe ne mai rami, shi ne ma'aunin akwatin. Yarinyar ta ce ɗalibanka za su iya ƙera ido da ya fi nata. Su ƙera. In akwatinsu ya wuce ta ramin nan, zai shiga kejina. In bai shiga ba, laifin Maraɗi ne, ba na Magazin ba.

Na biyu makulli ne. Guda biyu na ƙera, ɗaya na wuyan Mubarika. Ba ya buɗe komai a Maraɗi. In kana son ka ga yana aiki, ka san hanyar Aboabo.

Yayanka,
Brimah